Mai Dokar Barci

A layinmu, can cikin Kano, a da akwai wani kango da mai shi ya kai gini linta kuɗi suka yanke masa. Nan samarin unguwa suke fakewa bayan isha'i, kuma da an ce "ga Malam nan" sai ka ji takun gudu ta kowace kusurwa, wani ma har ya bar silifas ƙafa ɗaya. Ni ne Malam ɗin. Babu wanda ya naɗa ni, ba na cikin Hisba, ba na cikin 'yan sintiri. Malamin sakandare ne ni kawai, Allah Ya ba ni hanci mai jiyo warin wiwi tun daga bakin titi, Ya kuma haɗa mini da bakin da ba ya gajiya. Akwai wani yaro ɗan maƙwabtanmu, dogo siriri, da na taɓa shaƙo wa wuyan riga na kai shi gaban mahaifinsa, na tsaya a zaure na yi ta zuba wa'azi har shayin da aka kawo mini ya huce. Sau ɗaya yaron ya ɗago kai, ya ce, "Malam, wallahi barci ne ba na iya yi." Na yi dariya har da tafa hannu. Na ce duk namijin da ba zai iya sa haƙarƙarinsa a tabarma ya yi barci irin na bayin Allah ba sai da taimakon ganye, to ya cire kansa daga sahun maza.

To ga shi yau zan faɗa da bakina: ni ma na sha. A'a, ban sha ba, ci na yi. Wata bakwai cur na yi ina riƙe da wannan bambanci kamar wanda ya faɗa rijiya ya samu igiyar guga.

Karatu ne ya kai ni Kanada, aiki ya zaunar da ni a Edmonton, babban birnin lardin Alberta. Wanda ya tashi a Kano ya saba da rana mai cika alƙawari: ta fito wajen shida, ta faɗi wajen shida ko bakwai, shekara ta zagayo ba ta yi maka wata fitina ba. A Edmonton kuwa rana ba ta da amana. A Disamba sai kusan ƙarfe tara take leƙowa, huɗu da 'yan mintuna ta tattara ta tafi. A Yuni sai ta ƙi tafiya har goma ta wuce, ka yi isha'i dab da sha biyu, kafin ka gyara filo an kira asuba wajen uku. Duk wanda ya tambaye ni dalilin rashin barcina, wannan nake karanta masa, kuma yakan tausaya mini.

Gaskiyar maganar kuwa a hannuna take, tana haske. Lokacin sanyi akwai ratar awa takwas tsakanin Edmonton da Nijeriya. Ƙarfe sha ɗaya na dare a wurina, bakwai ce ta safe a gida, daidai lokacin da dangi suka karya kumallo suka tuna suna da ɗan'uwa a ƙasar waje. Wannan kuɗin makaranta, wancan an kwantar da matarsa, wancan kuma gaisuwa ce kawai amma mai wutsiya. Ga zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, ga na unguwa, ga na dangin uwa, ga na dangin uba, kowanne da rigimarsa, kuma ni ban iya ganin gardama in wuce ba. Sai ka same ni ƙarfe biyu ina rubuta wa wani da ban gani ba shekara ashirin amsa a kan siyasar Kano, kofin shayi mai kauri na huɗu a gefena.

Na je wajen likita, kada a ce ban je ba. Ta saurare ni da kyau, ta yi tambayoyi, sannan ta ce in riƙa barin waya a wani ɗakin, in daina shayi da yamma, in riƙa tashi a lokaci guda kullum ko da ban yi barci ba, in kuma minti ashirin suka wuce ban runtsa ba in sauka daga gado har sai barcin ya zo da kansa. Na fito ina jin haushi irin na mutumin ƙauye da ya yi tafiyar awa biyu zuwa asibiti aka sallame shi ba allura. Ni da na zo neman magani, a ce in gyara hali?

Wani abokin aikina ne ya fara kawo zancen, Bature dattijo mai jikoki, wanda ko giya ba ya sha. Ya ga ina gyangyaɗi a taro, ya ce shi ma ya yi fama, yanzu 'yar alawa guda yake tauna kafin ya kwanta. Na ce wace alawa? Da ya faɗa mini sai da na waiga, ko da wani ya ji. Shi kuwa ko a jikinsa, kamar yana ba ni labarin man zafi. Tun 17 ga Oktoba 2018 Kanada ta halatta wiwi ga manya, ita ce ƙasa ta biyu bayan Uruguay, bayan shekara guda kuma aka ba da izinin sarrafa shi a saka cikin abin ci da abin sha. A Alberta shekara sha takwas ta isa ka shiga kanti ka saya. Na yi masa godiya a daƙile, na ce mu addininmu ya hana. Kwana tara na yi ina hana kaina, ina kuma yaba wa kaina.

Rana ta goma na tuƙa mota na tsallake gari guda, na wuce kantuna irinsa sun fi biyar, don kada in yi karo da wani ɗan Nijeriya. Sanyi ya rufa mini asiri: hular sanyi har gira, mayafin wuya har hanci, in ka gan ni ka ce fashi na zo yi. Ina ta tsammanin in tarar da wuri mai duhu da hayaƙi, da wasu jajayen idanu a lungu. Sai na ga kanti fes, fitilu tar, kamar inda ake sayar da wayar hannu. Yarinyar da ke kan kanta ko katin shaida ba ta tambaye ni ba, furfurar da ta leƙo ta isa. Na ce wani abokina ne ya aiko ni, ba ya samun barci. Ta yi murmushin wadda ta ga abokai masu aike da yawa, ta ce doka ba ta yarda su ba da shawarar magani ba, amma masu zuwa da irin damuwar abokin nawa, wannan suka fi ɗauka. Ta miƙo mini 'yar leda, ta ba ni rasit, har da haraji a ciki.

Rasit ɗin nan shi ya gama da ni. A kaina wiwi abu ne da ake naɗewa a takardar siminti, a miƙa ta bayan hannu, a kunna a kango. Abin da aka ba ka rasit a kai, gwamnati ta karɓi rabonta, ai ya tashi daga wiwi ya koma kaya. Ledar kuwa ba ta ɓoye komai ba. Ga jan tambari mai kusurwa takwas irin alamar tsayawa ta kan titi, da hoton ganyen a ciki da haruffa uku, THC, wato sinadarin da ke sa maye a cikin wiwi. Ga gargaɗi a rawayan akwati da Turanci da Faransanci. Doka ta ƙayyade kada leda ɗaya ta wuce miligiram 10, tawa kuma an raba ta gida huɗu, 'yan alawa masu taushi da ƙamshin mangwaro.

Ƙarfe goma na dare na tauna ɗaya, na kwanta, na rufe ido ina jira. Minti ashirin, shiru. Minti talatin, shiru. Na ce ashe Bature ma yana algus. Na tashi na cinye sauran ukun.

Abin da ban sani ba, kuma da na karanta gargaɗin da na sani, shi ne wanda aka zuƙa da wanda aka haɗiye ba hanyarsu ɗaya ba. Hayaƙi daga huhu yake faɗawa jini, cikin 'yan mintuna mutum ya san inda yake. Wanda aka ci kuwa sai ya bi ciki, ya isa hanta, hanta ta juya shi zuwa wani sinadarin da ya fi na farko ƙarfi, shi ya sa yakan ɗauki rabin awa zuwa awa biyu kafin ya yi sallama, ya kai awa huɗu kafin ya gama shigowa da kayansa. Nawa sha biyu saura ya iso, bai kuma yi sallamar ba. Zuciyata ta kama bugu kamar kalangun mahauta. Harshena ya bushe ya zama ƙanzo. Na lallaɓa kicin neman ruwa, na buɗe firji, sai na tsaya kallon fitilar ciki ina mamakin hikimar wanda ya ƙirƙiro ta, ban san iya lokacin da na ɗauka a tsaye ba. Daga nan na cinye ragowar shinkafa da sanyinta, na bi da abincin da uwargida ta shirya wa yara na makaranta. Can kuma sai tsoro ya sauko. Na tabbata a raina kwamitin masallaci sun riga sun sani, kuma ƙarar da firjin ke yi maganata ake yi a ciki. Na ɗauko carbi zan yi istigfari ɗari, duk na kai bakwai sai lissafi ya ɓace, in koma farko. A kan dardumar falo barci ya kwashe ni. Da na buɗe ido rana ta fito, a garin da rana ba ta fitowa sai tara.

Mai hankali daga nan zai tsaya. Ni sai na ce matsalar awo ce.

Kuma kada in yi wa abin ƙarya, da na koma guda ɗaya ya yi aiki. Awa guda bayan na tauna, sai tunanin kuɗin makarantar wane da gardamar wane su yi ta ja da baya, su yi ƙanana, sai kawai a ɗauke wuta. Wanda bai taɓa kwana yana kirga ƙarar agogo ba, ba zai san daɗin wannan ba. Makonnin farko har fara'ata ta dawo. Uwargida ta ce addu'ar Hajiyata ce ta kama ni. Na ce ƙwarai kuwa.

Sai kuma aikin fatawa, wanda na yi wa kaina ba tare da na wahalar da wani malami ba. Na farko, ba hayaƙi ba ne. Na biyu, ba don nishaɗi ba ne, larura ce. Na uku, ai barci nake yi, wanda yake barci kuwa wa zai ce ya bugu? Ƙa'idar da kowane ɗan Islamiyya ya haddace game da ɗan kaɗan na abin da mai yawansa ke sa maye, ni da kaina na sha koyar da ita, amma a watannin nan duk ta taso sai in ce mata ta jira a waje. Na kuma duƙufa bincike, irin binciken mai neman shaidar da za ta wanke shi. Na karanta labarin Raphael Mechoulam, masanin sinadarai na Isra'ila, wanda shi da abokin aikinsa Yechiel Gaoni suka fara ware THC suka fayyace sigarsa a 1964, da yadda ya karɓo kilo biyar na hashish, wato ƙaron wiwi, daga hannun 'yan sanda ya shiga da shi motar haya zuwa ɗakin bincike. Na karanta cewa a 1992 shi da mutanensa suka gano jikin ɗan Adam da kansa yana yin wani sinadari mai aiki a wuraren da THC ke kamawa a ƙwaƙwalwa, suka sa masa suna anandamide, daga kalmar Sanskirit mai nufin ni'ima. Ranar da na ga wannan har tashi na yi na zaga ɗaki. Ashe kowa da ɗan wiwinsa a ka, har liman! Ni ƙari kawai nake yi.

Shafukan da ba su yi mini daɗi ba kuwa da gudu nake wuce su. A ciki aka ce ƙwaƙwalwa in ta ga ana yi mata ambaliya kullum, sai ta rage ƙofofin da abin ke shiga, awon jiya ya kasa aikin yau. Haka kuwa aka yi. Ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma leda guda, har na kai ina sayen leda biyu don dare ɗaya, ina juya kuɗin zuwa naira a zuci ina jin ciwo, ina kuma biya. A ciki aka ce THC yana rage matakin barcin da ido ke motsi a ƙarƙashin fata, wanda a cikinsa aka fi yin mafarki. Sai da na yi wata uku kafin na lura na daina mafarki gaba ɗaya. In kwanta, in tashi, tsakani babu komai, kamar an yanke wani yanki na dare da almakashi an liƙe bakin. Da safe kaina cike da hazo irin na hunturun gida, sai wajen sha ɗaya yake washewa. Asuba kuwa ta koma sallar da nake ramawa.

Abin da ya fi ba ni kunya ba wannan ba ne. A duk tsawon watannin ban sauka daga kujerar Malam ba. A zauren unguwa, in aka turo hoton kamen da hukumar NDLEA ta yi, buhunan wiwi jibge ga samari a tsugune, ni ne na farkon yin sharhi. Ni na tura musu alƙaluman binciken da aka yi a 2018 da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya ce mutum miliyan 10.6 ne ke amfani da wiwi a Nijeriya, na bi da "inna lillahi" da dogon bayani a kan lalacewar tarbiyya. Ina rubutawa da babban yatsa, alawar mangwaro tana narkewa a kumatuna. Aka yi ta turo mini addu'a, wai Malam ko a ƙasar Turawa bai canza ba.

Ledar an yi ta ne yadda yaro ba zai iya buɗewa ba. Ni ma ban iya ba, don haka almakashi nake sa mata, in cusa ragowar a aljihun rigar sanyi. Wata Asabar ina alwala sai na ji muryar 'yata, 'yar shekara huɗu, cike da murna.

"Abba, ka sayo mana alawa ka ɓoye?"

Ban san lokacin da na fito da ruwa a gwiwar hannu ba. Guda ɗaya tana tsakanin yatsunta, ba ta kai baki ba. Na fizge da ƙarfin da ya sa ta fashe da kuka. Na san abin da awon babba ke yi wa ƙaramin yaro, don yana cikin shafukan da nake tsallakewa: yaran da ake kaiwa asibiti saboda irin wannan sun ƙaru bayan an fara sayar da shi, lardin Quebec ma don kare yara ya hana a sayar da shi da siffar alawa. Ina tsaye ina rawar jiki uwar ta shigo. Ta ɗauki yarinyar, ta duba bakinta, ta goya ta, sannan ta tsinci ledar a ƙasa.

"Malam, mene ne wannan?"

"Maganin barci ne."

Ta juya ledar, ta kai ta kusa da fitila, ta daɗe tana kallon jan tambarin.

"Wannan ganyen da ke jiki, na zogale ne?"

Da ta yi faɗa da na samu abin riƙewa, don ni gwanin gardama ne. Ba ta yi ba. Ta ce, "Ni dai ba zan gaya wa Hajiya ba. Ko ka daina, ko kai ka gaya mata da bakinka." Ta fita da ledar a hannu, na ji ƙarar ruwan bayi.

Barcin da na yi wata bakwai ina ci ashe bashi ne, kuma mai bashin ya san gida. Daren farko ban runtsa ba, na biyu ma haka, ga gumi, ga saurin fushi, har da cokali na yi faɗa. Da barcin ya fara dawowa guntu-guntu, sai mafarkan da aka tare duk suka ɓalle lokaci guda, masu launi, masu ƙara, kamar a sinima. Akwai wanda ya maimaita kansa ya fi sau uku. Ga ni a tsugune a harabar wani ofishi, an rataya mini allo a wuya, 'yan jarida suna ɗaukar hoto, jami'i yana jawabi. A kan dogon teburin da aka saba jibge buhuna, babu komai sai 'yar alawa guda ɗaya a tsakiya. Samarin kangon nan kuma suna jere a kan benci cikin fararen kaya, suna girgiza kai.

Kusan mako uku aka yi kafin abin ya lafa. Na koma kan maganar likitar da na raina, ba don na yarda da ita ba, don babu sauran dabara. Waya tana kwana a kicin, ko in ce mafi yawan darare. Shayi na tsayar da shi a la'asar, sai dai a Yuni la'asar ɗin Edmonton takan kai shida, kuma ban ga laifina a nan ba.

Bara na je gida. Daren tafiya sai da na zazzage kowane aljihu, na juye kowace safa, na shinshina jaka, domin fita da shi daga Kanada laifi ne ko da ƙwaya ɗaya ce, shiga da shi Nijeriya kuwa ba sai an faɗa ba. Ban samu komai ba, amma duk da haka da na ga masu kaki a filin jirgi sai da cikina ya juya.

Kangon an gama shi, har an yi fenti. Kwana biyu da isowata ina zaune a ƙofar gida sai ga wani mutum dogo, ya yi jiki, ya zo ya durƙusa har ƙasa. Sai da ya yi magana na gane shi. Tela ne yanzu, yana da shago da yara masu koyo, da 'ya'ya biyu.

"Malam, ban taɓa samun damar yi maka godiya ba. Maganar da ka yi mini a zaure, ita ta tsaya mini a rai har na daina."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

"Amma na sha wuya, Malam. Na kusa wata ba na barci. In na ɗan runtsa kuma, wasu irin mafarkai, sai in farka ina gumi. Ba za ka gane ba."

Na gyara zaman hulata. Bakin nan da ba ya gajiya ya buɗe, na ji maganar ta taso har maƙogwaro. Na ce, "Allah Sarki. Ai sai haƙuri."

Ya ce in sa masa albarka, na sa. Ya ciro awo daga aljihu ya gwada ni nan take, ya rantse ba zai karɓi ko sisi ba, bayan kwana uku ya aiko da kaftani na shadda ruwan toka, da aiki a wuya. Shi na sa na yi sallar Idi a Edmonton, mutane suna ta tambayar wa ya ɗinka.

Hajiya dai ba ta karatun boko. Duk wanda ya ɗauki wannan ya karanta mata, shi da Allah.